Suna Uku, Jariri Ɗaya

Ummukulsum tana da kwana uku da haihuwa aka yi sallama a tsakar gida da wata murya da ta shekara biyu ba ta ji ba. Kwanon kunun kanwa ne a hannunta, sai da ya tuntsire mata a zani.

Mama ce. Mahaifiyarta Nwanneka, wadda mutanen Daura suka fi sani da Madam mai kayan babur, tsaye da ƙatuwar jaka a ka da kular abinci a hannu.

A Daura aka haifi Ummukulsum, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta Hyginus, kuma Onyinye iyayenta suka raɗa mata. A wannan shagon ta haɗu da Hafizu, bakaniken babur da ke zuwa sayen kaya sau uku a rana, ko da ba ya bukatar komai. Shekarar da aka fara shari'a ce ta musulunta, shekara ta zagayo suka yi aure. Wata biyar da yin bikin, mahaifinta ya faɗi a shago bai sake tashi ba. Aka tafi da gawarsa can garinsu na kudu, Mama kuma ta aiko mata cewa baƙin cikinta ne ya kashe shi, kada ta kuskura ta zo. Ko da Mama ta dawo Daura ta ci gaba da shagon, ba su sake haɗa ido ba. Shi ya sa ma da cikinta ya tsufa ba ta da gidan da za ta tafi wanka kamar kowace mai haihuwar fari. A gidan miji ta haihu, a hannun surukarta Iya.

Mama ba ta ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ta ajiye jaka, ta ce da yarensu na Ibo ita ta zo yi wa 'yarta abin da uwa ke yi wa 'ya in ta haihu, wanda ba ya so ya kau da kai. Ta buɗe kula, ƙamshin farfesun busasshen kifi ya cika ɗakin. Ummukulsum ta kasa ci, hawaye kawai ke zuba.

Sai da aka miƙa wa Mama jaririn komai ya canza. Mama ta juya shi tana dubawa, ta kai kan kunnensa na hagu, wanda samansa ya ɗan lanƙwasa ciki kamar an naɗe shi da yatsa. Nan take ta durƙushe a ƙasa da yaron a ƙirjinta.

"Shi ne," ta ce da Hausa, a gaban Iya da matan da suka zo barka. "Kunnen mijina ne wannan. Hyginus ya dawo... Onyinye, ta gidanki ya dawo. Ya yafe miki."

Wata maƙwabciya ta ja salati a hankali ta nemi takalminta. Ummukulsum ta san ba haka addininta ya ce ba, ta san wanda ya mutu ba ya dawowa. Amma kalmar nan ta ƙarshe ta shige ta har cikin ƙashi, domin shekara biyu take kwana tana tashi da tunanin ko da fushinta mahaifinta ya bar duniya. Don haka ba ta ce wa Mama ta yi shiru ba. Iya kuwa ta ga hakan, ta kuma riƙe.

Dama maganar suna ba ta kwanta ba. Tun cikin yana wata huɗu ita da Hafizu suka tsayar da Ikrima. Da aka haihu namiji, Iya ta ce ba wani suna sai na marigayi mijinta, Malam Maliki, wai tun kafin ya rasu ta yi masa alkawarin jikan farko. Hafizu ya ce wa matarsa to, ya ce wa uwarsa to, ya yi wa yaron kiran salla a kunne ya bar huɗubar suna yana ta jan ƙafa. Yanzu ga Mama ta zo da na uku. Ta ce ko a masallaci za su kira shi abin da suka ga dama, amma dole a haɗa masa da sunan mai kunnen.

Da yamma Ummukulsum ta tare Hafizu yana wanke baƙin mai a hannunsa, ta ce ya kamata ya buɗe baki ya faɗa wa kowa abin da suka yanke. Ya yi murmushin nan nasa da ke kashe mata jiki.

"Ummuna, ki bar ni da su. Tsofaffi ne, lallashi suke so. Kafin ranar suna kowa zai sauko."

Washegari bayan azahar Iya ta shigo ba sallama, kamar yadda ta saba, ta ɗauki yaron ta fita. Ummukulsum ba ta tambaya ba. Tun ranar farko aka karanta mata cewa ɗan fari ba a nuna masa so a gaban mutane, ba a kiran sunansa, ba a bin sawun wanda ya ɗauke shi. Ita kuma da kullum ake jiran ta yi kuskure a ce ai dama ba 'yar gida ba ce, ta fi kowa kiyaye wannan kunya. Sai dab da magariba Iya ta dawo da shi a naɗe cikin riga biyu da hula, ta ce sanyi ya kama shi, kada a tuɓe shi, ita za ta riƙa yi masa wanka da kanta.

Kwana na biyar Lahadi ce, Mama tana coci ba ta zo ba. Yaron ya wuni yana wani siririn kuka, ya kama nono ya saki. Iya ta ce ciwon ciki ne na jarirai, kowa ya yi.

Ranar Litinin, jajibirin suna, gida ya cika da hidima tun da safe. Ana daka, ana tankaɗe, ragon da Hafizu ya sayo a kasuwar Mashi yana ɗaure a gindin darbejiya. Iya tana can wajen masu girki lokacin da Mama ta iso. Ta gasa wa 'yarta jiki da ruwan zafi, ta bar ta a makewayi tana ƙarasawa, ta ce bari ta je ta wanke mijinta.

Ummukulsum ta fito ɗaure da zani, tururi yana tashi a jikinta. Tun daga bakin ƙofa ta ji muryar Mama ƙasa-ƙasa, ta kuma gane kalmomin kafin ta gane abin da ke faruwa, domin da su ta girma. Ta ɗaga labule.

Mama tana durƙushe gaban baho, yaron tsirara a hannunta na hagu. A hannun dama wata 'yar kwalba ce ta ruwan coci, tana tsiyaya masa a goshi. Ta zuba na farko, ta zuba na biyu, ta zuba na uku, tana kiran Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki da yaren Ibo, tana kiran yaron Hyginus.

Ummukulsum ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dafa bango. Ta buɗe baki ta ce Mama, amma sautin bai fito ba.

Salatin wadda ke bayanta ne ya fito. Iya ce, ta biyo ta da kwanon fura, ta ga komai ta saman kafaɗarta. Kwanon ya faɗi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A cikin gidan Malam? A ɗakin ɗana?"

Iya ta yi kan yaron za ta fizge shi, Mama ta juya mata baya ta kare shi da jikinta. Ba ta yi kama da wadda aka kama tana laifi ba. Idanunta jajur, ta dubi 'yarta ta ce ta matso ta gani da idonta, ta ga abin da aka yi wa ɗanta tana zaune tana kunya.

Ta juyo da yaron wajen haske.

A ƙirjinsa, ƙasa da wuya, tsaga ce guda uku a jere, an shafe su da wani baƙin gari. A bayansa ma uku, tsakanin kafaɗu. Wajen ya kumbura ya yi ja, ɗaya tana fitar da ruwa. A ƙugunsa an ɗaura wani siririn zare da 'yar laya. Ummukulsum ta kai hannu ta taɓa shi, ta janye da sauri. Jikin kamar garwashi.

"Wa ya yanka mini yaro?" ta tambaya. Muryarta ta fito a sanyaye, har ita kanta ba ta gane ta ba.

Matan da suka taru a ƙofa suka fara kallon juna. Mama ce ta yi magana, tana kuka, Hausarta tana kakkaryewa. Ta ce tana cire masa riga ta ga wannan, ta ga idonsa yana juyewa. Ta ce kafin ta haifi Onyinye ta taɓa haihuwar namiji, ya mutu yana da kwana takwas ba a yi masa baftisma ba, shekara ashirin da biyar tana mafarkinsa yana tsaye a waje an rufe masa ƙofa. Ba za ta bari a sake yi mata haka ba.

Sannan duk ido ya koma kan Iya.

Iya ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce ita ce, kuma ba ta ga abin ɓoyo ba. Mace ta shigo gida ta ce matacce ya shiga jikin jikanta, a gaban mutane, uwar yaron kuma tana ji ta yi shiru. Me ake so ta yi? Ta kai shi wajen Nagoggo wanzami a hanyar Sandamu, ya yi masa tsari, ya kuma ce muddin ba a danne shi da sunan kakansa na wajen uba ba, wancan mamacin ba zai sake shi ba. Ta ce haka aka yi wa Hafizu yana jariri, ga shi nan da ransa.

Ummukulsum ta dubi uwarta, ta dubi surukarta. Kowacce fuska jiƙe da hawaye, kowacce ta tabbata ita ce ta ceci yaron. Ta sunkuya ta karɓe shi daga hannun Mama. Ta sa haƙori ta tsinke zaren ƙugunsa ta ajiye layar a kan gado. Ta ɗauki tawul ta goge masa goshi.

"Ɗana ne," ta ce. "Ni na ɗauki cikinsa, ni na haife shi. Ba mijin kowa ba ne, ba uban kowa ba ne. Daga yau ba mai sake taɓa shi sai ya tambaye ni."

Wata tsohuwa a ƙofa ta riƙe haɓa. A unguwar ba a taɓa jin mai jegon fari ta buɗe baki ta ce ɗana a gaban uwar miji ba. Iya ta yi baya kamar an mare ta. Ummukulsum ba ta tsaya ba, ta zura hijabi a kan ɗaurin ƙirji, ta ratsa matan ta fita titi da silifas ɗin wanka, ta tare ɗan acaɓa.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta buɗe yaron, sannan ta tambaya wane marar imani ne ya sa wa jaririn kwana shida aska. Likita ya ce ƙwayar cuta ta shiga jininsa, da an ƙara wuni ɗaya da sai dai haƙuri. Aka nemi jijiya a hannu aka rasa, sai a kai aka samu. Ummukulsum tana tsaye tana kallo ana aske gefen kan ɗanta ana soka allura, ba ta yi kuka ba. Kukan ya ƙi zuwa.

Sai da Hafizu ya shigo da kayan aiki a jikinsa, ko makullin garejin bai ajiye ba. Labari ya riga ya same shi kashi biyu, kowanne da irin nasa ƙarin. Ya tsaya kan yaron, ya ga tsagar, ya ga robar ƙarin ruwa a kansa. Ya zame ya zauna a ƙasan siminti ya rufe fuska.

"Ni na jawo," ya ce. "Da na yi magana tun ranar farko... Ummu, ki yafe mini. Ina tsoron ɓata wa Iya rai, na bar ki ke kaɗai a tsakiya."

Ta zauna kusa da shi. Ta ce masa ita ma tana da nata, domin ranar da Mama ta ce Baba ya yafe mata, daɗi ta ji, ta ƙi gyara maganar. Sai kuma ta tambaye shi abin da ke cin ta tun safe: ruwan nan da aka zuba masa, ya fitar da shi daga addini?

Hafizu ya riƙe hannunta. Ya ce ya biya ta wajen limamin unguwarsu kafin ya iso, ya tambaya ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Liman ya ce ruwa ruwa ne, jariri ba ya ɗaukar abin da bai sani ba, kuma tsagar ma ba ta da wani tsari da za ta ba shi. A nan ne kukan ya zo mata. Ta kifa kai a kafaɗarsa, a gaban masu jinya, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Abin da ya rage shi ne bakin mutane. A shekarun nan ƙaramar magana irin wannan tana iya tara jama'a a ƙofar shago kafin la'asar, Mama kuma ita kaɗai take kwana a bayan shagonta. Hafizu ya koma gida ya sami Iya a ɗakinta. Ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ce bai zo yi mata rashin kunya ba, ya san tsoro ne ya kai ta, kamar yadda tsoro ya kai waccan. Amma yana roƙonta ta kira matan da suka gani ta kashe maganar da bakinta, domin in wani abu ya sami uwar matarsa, ba zai iya ci gaba da zama a gidan ba. Ya kuma ce sunan yaro Ikrima, ya riga ya yi masa huɗuba a gadon asibiti.

Iya ta tambaya ko yaron zai tashi. Ya ce likita yana sa rai. Ta juya fuska bango ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Amma kafin azahar ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wadda ta kai maganar gidanta waje, ita da ita har abada.

Washegari aka yanka rago aka raɗa suna ba mai jego ba jariri. Kwanansu tara a asibiti kafin a sallame su.

Gidan da suka dawo ba irin wanda suka bari ba ne. Iya ta daina shiga ɗakinsu. Takan aiko da tuwo, takan amsa gaisuwa a taƙaice, in an kai mata yaron ta karɓa ta yi masa wasa tana kiransa Maigida, amma bakinta bai taɓa furta Ikrima ba. Mama kuwa ko sau ɗaya ba ta zo ba, asibiti ko gida.

Ranar da suka yi arba'in Ummukulsum ta ce wa Hafizu gidan farko da za ta fara zuwa shi ne shago. Ya ɗauke su a babur. Suna isa ta ga kantocin babu komai, an ɗaure kaya cikin buhuna, wani ɗan garinsu yana cire allon da ke ɗauke da sunan mahaifinta. Mama tana zaune a kan akwati. Ta rame.

Ta ce ta sayar da shagon, motar jibi za ta bi zuwa gida. Ummukulsum ta ce ba wanda ya kore ta, magana ta mutu, Hafizu ma ya sa baki yana ba ta haƙuri. Mama ta girgiza kai. Ta ce ba tsoron kowa take ji ba, kanta take tsoro.

"Na yi ƙoƙari, Onyinye. Kullum ina zaune a nan ina koya wa bakina sunan da kuka sa masa. Amma na san kaina. Duk ranar da na ga yaron nan, mijina zan gani, kuma wata rana zan sake yin abin da zai raba ki da mijinki. Gara in yi kewarku daga nesa."

Ummukulsum ta durƙusa gabanta ta ce to ta faɗa mata gaskiya guda ɗaya kafin ta tafi, ba ta bakin jariri ba, ta bakinta ita: Baba da fushinta ya mutu?

Mama ta ce a'a. Ta ce hawan jini ne da ya daɗe yana ɓoyewa, kuma ana saura kwana biyu ya faɗi ya ce mata in Kirsimeti ta zo za su je su ga ɗakin 'yarsu. Ita ce ta ƙi. Da ya mutu ta rasa wanda za ta ɗora wa, sai ta ɗora wa wadda ta fi so.

Ummukulsum ta ji kamar an zare mata wani abu mai nauyi daga ƙirji, aka kuma bar ramin a buɗe. Shekara biyu. Ta so ta yi fushi, ta nemi fushin ta rasa.

Mama ta goge hannuwanta a zani, ta miƙo su, sai kuma ta tsaya a rabi.

"Zan iya ɗaukarsa?"

Ummukulsum ta kwance goyon ta sa mata shi a hannu. Mama ta rungume shi, ta rufe ido don kada ta kalli fuskarsa, ta kai bakinta saitin kansa.

"Ikirima," ta ce a hankali, tana jan sunan yadda harshenta ya iya. "Ka riƙe mini uwarka da kyau."

Ranar tafiyar suka raka ta tasha da sassafe. Motar ta tashi, Mama ba ta leƙo ta taga ba. Ummukulsum ta tsaya har ta daina hango ta, sannan ta hau bayan Hafizu da yaron a bayanta. Bai kunna babur ɗin nan da nan ba. Ya bar ta ta jingina goshi a bayansa ta yi kukanta har ya ishe ta, sannan ya tambaye ta a hankali ko su tafi gida. Ta ce su tafi.